Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Kan Tarihin Unguwanni

Zuwa ga Shugaba da ma'aikatan Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano,
Gidan Ɗan Hausa, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya haƙuri da jama'a. Ranka ya daɗe, ni tsohon malamin firamare ne daga cikin birni, ban yi karatun tarihi a jami'a ba. Na zaɓi in yi wannan magana a fili maimakon in kawo takarda ofis, saboda ba ku kaɗai ta shafa ba. Akwai rabon masu unguwanni a cikinta, akwai na limamai, akwai na 'ya'yan gidajen malamai da na fatake, kuma ina so kowa ya ji da kunnensa.

Buƙatata guda ce. Ku taimaka a kafa ƙananan ƙungiyoyin tarihi a unguwanni, ku koya musu aikin, ku zama wurin da za su riƙa kai kwafin abin da suka tattara. Asalin kayan kuwa a bar wa masu su.

Kano ba ta rasa rubutaccen tarihi ba. Muna da kundin nan da ya jero sarakuna tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello, wanda wani Bature mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908. Ɗan makaranta ma ya san Barbushe da Dala, ya san Gijimasu ne ya fara ganuwa, ya san Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi ya gina gidan sarauta. Amma wannan duka labari ne da aka tsaya a ƙofar fada aka bayar. Wane ya hau, ya yi yaƙi da wane, ya shekara kaza, ya rasu. Ka tambayi wannan ɗan makarantar su wa suka fara zama a unguwarsu, me ya kawo su, wace sana'a suka zo da ita, sai ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne, ba inda aka rubuta masa. Ga Ayagi, ga Tudun Nufawa, ga Zangon Barebari, ga Agadasawa, ga Dandalin Turawa inda Larabawan fatauci suka zauna, ga Sharifai, ga Madabo. Kowace da labarin zuwanta, da na aurarrakin da suka haɗa ta da maƙwabta, da na masallacinta da rijiyoyinta. Mafi yawan wannan yana cikin kan tsofaffi da cikin adakar gidaje.

Kada a ɗauka ƙaramin abu ne ke cikin waɗannan adakoki. Kundin sarakuna ya ce Wangarawa, malamai da fatake daga ƙasar Mali, sun iso Kano a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Sai ga wata 'yar takarda ta Larabci da aka rubuta wajen 1650 a kan asalin Wangarawan, wadda masanin tarihi Muhammad al-Hajj ya buga a 1968, ta sa zuwan jagoransu Shehu Abdurrahman Zaite da jama'arsa a zamanin Rumfa. Tsakanin maganganun biyu akwai kimanin shekara ɗari, kuma har gobe masana na tattauna yadda za a daidaita su. Takarda ɗaya ke nan da Allah ya sa ta tsira. Waɗanda gara ta ci kafin wani ya karanta su, ba mai iya ƙirga su.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tsofaffi. Waɗanda suka ga shigowar Turawa a Fabrairun 1903 duk sun riga mu gidan gaskiya tuntuni. Waɗanda suka rage su ne jikokinsu da suka ji labarin daga bakinsu, yadda aka yi a Ƙofar Kabuga, yadda aka ji labarin yaƙin Kwatarkwashi da rasuwar Waziri Ahmadu, yadda aka tafi da Sarki Alu har ya rasu a Lokoja. Su ma yanzu sun haura tamanin. Su ne kuma suka ga dalar gyaɗa da idonsu, suka ga kafuwar NEPU a 1950, suka ga rikicin 1953, suka san Fagge tun tana zangon raƙuma a bakin mutane. Da Ɗan Masanin Kano Alhaji Yusuf Maitama Sule ya rasu a 2017, kowa ya ce an yi rashin taskar tarihi, kuma gaskiya ne. To amma shi ya yi sa'a, gidajen rediyo da talabijin sun naɗi muryarsa ba adadi. Tsohon marini na Ƙofar Mata fa? Tsohon baduku, da tsohon ɗan koli, da sarkin fawan da ya ajiye wuƙa? Duk wanda yake Kano a Afrilun 2020 ya tuna yadda aka yi ta kai dattawa makwanci a 'yan makonni. A unguwarmu akwai tambayoyin da tun daga lokacin ba sauran wanda zai amsa su.

A 1969 da 1970 wani bature mai bincike, Paul Lovejoy, ya zauna da tsofaffin fataken goro a nan Kano yana naɗar hirarsu. Da yawa daga abin da ake karantarwa yau a jami'o'i a kan Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, da yadda ayari ke bi zuwa Gwanja, daga irin waɗannan hirarraki ya fito. Bai zo da wani abin mamaki ba, rikoda ce da haƙurin zama. Wayar da ke aljihun ɗan acaɓa a yau ta fi waccan rikoda ɗaukar murya. Na'ura muna da ita. Wanda zai ce wa yaro je ka gaida Baba wane, ka zauna, ga abin da za ka tambaya, ga yadda za ka ajiye, shi ne babu.

Sai batun mata, wanda in aka yi sakaci da shi an zubar da rabin aikin. A 1949 zuwa 1950 Mary Smith ta rubuta labarin rayuwar wata dattijuwa, Baba ta Karo, aka buga shi a 1954, kuma har yanzu duk mai son sanin zaman gidan Bahaushe kafin Turawa da bayan zuwansu sai ya leƙa shi. Tsohuwa ɗaya ke nan. Iyayenmu mata su suka riƙe salsala. Su suka san wa ya auri wa, wace aka kawo daga wane gari, wane gida ne ya rabu biyu kuma a kan me. Su suka san kaɗi da saƙa da cinikin cikin gida da ya riƙe iyalai. Ko shekarun haihuwa da su ake gano shi, domin tsohuwa ba za ta ce maka 1927 ba, sai dai ta ce an haifi yayanta shekarar yunwar 'Yar Buhu, ita kuma tana 'yar yarinya aka yi yunwar 'Yar Gusau, wato 1942, kakarta kuma ta sha ba ta labarin yunwar Kakalaba ta wajen 1914. Namiji baƙo ba zai wuce zaure ba, in ma ya wuce ba za a saki jiki da shi ba. Don haka duk ƙungiyar da ba ta da mata masu shiga cikin gida su yi hira, kada ku karɓi rajistarta. Malaman Islamiyya mata da ɗalibai 'yan jami'a na unguwa sun isa wannan aiki.

Yanzu bari in zo kan takardu, inda na san za mu iya saɓawa.

Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na nan Kano, ya rasu a 1962. Littattafansa da takardunsa, sama da guda 3,000, suna Jami'ar Northwestern a Amurka. Wasu in sun ji haka sai ransu ya ɓaci, su ce an kwashe mana dukiya. Ni ma ina jin zafin a ce jikan Bakano sai ya nemi biza kafin ya taɓa takardar kakansa. Amma a faɗi gaskiya, can an jera su, an ba kowace lamba, an rubuta abin da ke cikinta. Malamai nawa ne tsararrakinsa da suka bar abin da ya kai nasa, yau ba a san inda ko gafaka ɗaya take ba? Ba wani ne ya sace ba. Yoyon soro ne, da gara, da ɓera, da gobara. Wanda ya fi su duka ɓarna kuwa shi ne rabon gado. Littattafanmu na da ba ɗinkakku ba ne, warƙa-warƙa ne a cikin tadarishi, kalmar da marubuci ya sa a ƙasan shafi ita ce ke nuna wanda ke biye. Sai magada su zo, don a yi adalci, a kasa littafi ɗaya uku, kowa ya ɗauki tubarraki. Daga ranar ba sauran littafi, sai tarin takardu uku da ba mai iya karantawa daga farko zuwa ƙarshe.

Akwai kuma ɓarnar masu kyakkyawar niyya. Yaro ya ga takardar kakansa ta yage, sai ya liƙe ta da salatif, bayan 'yan shekaru gam ɗin ya ci tawadar ya bar tabo. Wani ya kai shago a rufe masa ita da leda mai zafi, ya ɗauka ya adana ta, alhali ya kashe ta, don ba a sake ɓare ta lafiya. Wani ya cusa a ledar bagko ya ɗaure, damina ta zo, gumi ya taru, ta yi funfuna. Waɗannan abubuwa ma'aikacinku ɗaya zai iya koya wa mutum ashirin a zama guda. Har ma ya nuna musu yadda ake ɗaga takarda a hasken rana a ga tambarin jinjirin wata uku na takardun da ake kawowa daga Italiya ta hanyar Sahara, wanda ke taimaka wa masana wajen kintatar zamanin rubutu.

Na san abin da ya fi sauƙi ga hukuma shi ne ta yi shela a ce kowa ya kawo abin da ke gidansa a adana masa. Ranka ya daɗe, ba za a kawo ba. Kusan kowane gidan malamai yana da labarin wani mai bincike da ya zo da ladabi, ya karɓi aron kundi zai kwafa ya dawo da shi, shiru kake ji har yau. Gidan da aka yi wa haka sau ɗaya ya rufe adakarsa ke nan. Ban da haka, wasu kundayen akwai laƙani da sirrin gida a ciki, mai shi bai yarda ko ɗan'uwansa ya gani ba, balle a ɗora a intanet. Wannan haƙƙinsa ne.

Kuma ko da za a kawo, tara komai a ɗaki ɗaya ba hikima ba ce. A Janairun 2013, da 'yan bindiga za su fice daga Timbuktu, a ginin Cibiyar Ahmed Baba suka cinna wuta, inda kimanin rubuce-rubuce 4,000 suka ƙone ko suka ɓace. Dubban ɗaruruwan da suka tsira, mafi yawansu na ɗakunan karatu ne na iyalai, waɗanda Abdulƙadir Haidara da abokan aikinsa suka yi ta fitarwa a akwatunan ƙarfe, ta mota da ta kwalekwale, zuwa Bamako. Iyalan sun miƙa kayansu ne don sun san mutumin, kuma sun san kayan na nan a matsayin nasu. Shirin nan na Laburaren Birtaniya mai ceto taskokin da ke cikin haɗari, wanda ya taɓa ɗaukar nauyin aiki a Arewacin Najeriya, a kan wannan ƙa'ida yake tafiya: a ɗauki hoto, asali ya zauna a ƙasarsa. Abin da nake roƙo shi ne mu matsa da ƙa'idar gaba kaɗan, asali ya zauna a gidansa. A zo zauren mai kaya, a ɗauki hoton a gabansa shafi bayan shafi, a mayar masa a hannu kafin a tashi, a ba shi nasa kwafin, a bar masa kwali mai kyau da zai ajiye. Wanda ya ga dama da kansa ya ba hukuma ajiya, a rubuta masa shaida da sa hannun mai unguwa.

Kada kuma a tsaya kan littattafan malamai kaɗai. Rasiɗin haraji da na jangali tarihi ne. Takardar cinikin gida da alƙali ya sa wa hatimi tarihi ce. Haka littafin bashin ɗan kasuwar Kurmi da aka rubuta da ajami, da takardar sallamar tsohon sojan da ya je Bama a yaƙin duniya na biyu, da katin jam'iyya, da hoton biki da mai hoto ya ɗauka a ƙofar gida. A gidaje da yawa akwai wasiƙun dangi da suka tafi hajji ta ƙasa suka zauna a Sudan, ko waɗanda fatauci ya zaunar a zangon Kumasi. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934 kuma mutanen Gana ke alfahari da shi, a Kano aka haife shi. Irin wannan zumunci wasiƙun cikin adaka ne kawai za su iya nuna zarensa.

Abin da ya rage naku ne, don ƙungiyar unguwa ba za ta iya shi ita kaɗai ba. Hirar da ba a rubuta sunan mai magana ba, da ranar da aka yi ta, da wurin, da wanda ya yi tambaya, bayan shekara goma ta zama muryar wani tsoho kawai. Hoton da ba a rubuta su wa ke ciki ba, da zarar tsohuwar da ta san fuskokin ta rasu, shi ke nan. Ku fitar da fom guda mai sauƙi da Hausa wanda kowace unguwa za ta bi. Ku hana a bar aiki a waya, domin waya ana sace ta, tana faɗawa ruwa, kuma abin da aka tura ta WhatsApp ingancinsa raguwa yake yi. Kowane abu ya zama yana wuri uku: gidan mai shi, wajenku, da wata cibiya dabam kamar Jami'ar Bayero ko Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda tun 1970 yake wannan aiki. In za a juya hira zuwa rubutu, a rubuta ta yadda aka faɗe ta, kada wani ɗan boko ya gyara wa tsoho Hausa. Karatun ajami da tsohon rubutun Larabci kuwa, ga alarammomi da gardawa nan a tsangayu da makarantun zaure, idonsu ya saba da shi fiye da na masu digiri da yawa. A ɗauke su aikin, a biya su.

Akwai inda aikin nan ke da ƙaya, gara a faɗa tun yanzu. Tarihin unguwa ba yabo ba ne zalla. In aka zauna da tsofaffi da gaske, maganar bauta za ta fito, a ce gidan wane asalinsu daga gandun sarki suke. Maganar Basasar 1893 za ta fito, don har yau akwai zuriyar Tukurawa da ta Yusufawa, ɓangarori biyun da suka yi yaƙin a kan sarautar Kano, kuma kowane ɓangare da yadda aka ba shi labari. Maganar fili da iyakar gida za ta fito, da ta wanda aka tuɓe daga limanci ko sarautar unguwa. Magana ɗaya irin wannan in ta fita ba bisa ƙa'ida ba tana iya fasa aure ko ta kai mutane kotu. Saboda haka a tambayi mai magana tun kafin a kunna waya: a saki yanzu, ko a rufe sai bayan ransa, ko sai bayan shekaru kaza? Abin da ya zaɓa a rubuta, a kuma cika masa. Inda riwaya biyu suka ci karo, a ajiye duka biyun da sunan wanda ya faɗa. Ba aikin ƙungiya ba ne ta yanke wa ya fi gaskiya, kuma ba aikinta ba ne ta share abin da ba ya yi wa manya daɗi. Mai unguwa uba ne, shi zai buɗe ƙofofi, amma kada a mayar da shi mai tace labari. Ina kuma roƙo da babbar murya, kada shugabancin waɗannan ƙungiyoyi ya zama abin rabawa ga 'yan siyasa. Ranar da aka ji ƙamshin jam'iyya, rabin tsofaffin za su kama bakinsu.

Ganuwa ban ce komai a kanta ba don kun fi ni sani. Tun 2007 take cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO, kuma kowa na ganin yadda gine-gine da masu ɗiban ƙasa ke cin ta. Abin da matasan unguwa za su iya yi a nan shi ne su ɗauki hoton abin da ya saura a gefensu duk shekara, su rubuta sunayen kududdufai da lunguna da tsofaffin rijiyoyi kafin a cike a yi shaguna.

Za a ce ba kuɗi. Aikin nan bai kai kuɗin taron bita ɗaya a otal ba. Abin da ake bukata 'yan na'urorin ɗaukar hoto ne da za a riƙa ba da aro, da ma'ajiyar kwamfuta, da kwalaye, da ɗan abin mota ga yara masu zirga-zirga. Garin da ya fitar da Alhassan Ɗantata ba zai rasa attajirin da zai ɗauki nauyin tarihin unguwar da aka binne cibiyarsa ba, in dai ya ga hukuma ta tsaya a bayan abin. Sharaɗin kawai shi ne jama'a su ga amfanin abin da suka bayar. A baje hotunan a makarantar firamaren unguwa lokacin hutun salla. A nemi fili a gidajen rediyon Kano, waɗanda ba su da kaɗan, a riƙa sa muryoyin da masu su suka yarda a saki. Tsohon da ya ji muryar abokinsa a rediyo, gobe da kansa zai aiko a zo a naɗi tasa.

Ba na neman ku game birni da ƙananan hukumomi 44 a lokaci guda. Ku gwada da unguwa uku masu bambancin hali, misali Madabo don malanta, Ƙofar Mata don sana'a, Fagge don baƙi da kasuwanci, ku ga abin da shekara ɗaya za ta haifar. A fara da hirar waɗanda suka fi tsufa, a kuma duba adakoki kafin ruwan Agusta. Idan kun sa ranar zama da masu unguwanni da limaman waɗannan wurare, a sanar ta rediyo, mu ma na sauran unguwanni za mu zo mu saurara.

Allah ya taimake ku a kan aikinku, ya jiƙan magabatanmu.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta, daga cikin birnin Kano.